Unguwar da ta kusa rasa sunanta: yadda Watanabe ya maƙale a adireshin wani lungu na Osaka

Lamarin a taƙaice

Idan ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Hommachi da ke tsakiyar birnin Osaka, tafiyar minti kaɗan a ƙafa za ta kai ka wani wurin bauta na addinin Shinto. A matse yake tsakanin dogayen gine-ginen ofisoshi, gadar sama ta motoci kuma ta bi ta bayansa. Ainihin sunansa Ikasuri, amma mutanen gari Zama-san suke ce masa. Adireshinsa ne abin dubawa a nan.

A yawancin biranen Japan tituna ba su da suna. Adireshi yakan taso daga babba ya gangaro zuwa ƙarami: birni, gunduma, unguwa, sashen unguwa, lambar rukunin gidaje, sannan lambar gida. Maƙwabcin wurin bautar zai rubuta, alal misali, unguwar Kyutaromachi, sashe na 4, rukuni na 1, gida kaza. Shi kuwa wurin bautar nasa haka yake: Kyutaromachi, sashe na 4, Watanabe, gida na 3. A gurbin da kowa yake sa lamba, shi suna ne a zaune, kuma suna ne da mutum sama da miliyan ɗaya suke amsawa a Japan.

Wannan rubutu ya bi sawun yadda aka yi haka, tun daga inda sunan ya tsiro har zuwa takaddamar 1988 da matsayar da aka cimma.

Ƙarni na 10 zuwa na 12: mashigin kogi

Haruffa biyu ake haɗawa a rubuta sunan: 渡辺. Na farko yana nufin haye ruwa, na biyu yana nufin gefe ko baki. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce bakin mashigi, wurin da ake fito. Akwai kuma wani tsohon rubutu, 渡部, wanda harafinsa na biyu yake nufin ƙungiyar masu sana'a ɗaya. A nan ma'anar ta koma masu fito, mutanen da sana'arsu ita ce haye da jama'a a jirgin ruwa.

Mashigin da ake magana yana bakin kogin Yodo, kusa da inda yake faɗawa teku, a tsohon lardin Settsu. Yau wurin yana tsakanin gadar Tenmabashi da gadar Tenjinbashi. Ana kiransa Watanabe no Tsu, wato tashar jiragen Watanabe. Duk wanda ya taso daga Kyoto, fadar sarki, ya gangaro ta kogi, nan yake sauka. Sarakuna masu murabus da fadawansu da suke zuwa ziyarar ibada Kumano a nan suke barin jirgi su kama hanyar tudu. Kayan da suka fito daga tekun Seto ma ta nan suke hawa zuwa babban birni. Wanda ya riƙe wannan tasha ya riƙe maƙogwaron Kyoto.

Mutumin da ake jingina sunan gare shi jarumi ne mai suna Tsuna, wanda ya rayu daga 953 zuwa 1025. Jinin sarauta ne. Sarki Saga ya haifi 'ya'ya da yawa har nauyinsu ya fi ƙarfin baitulmali, sai a 814 ya fara cire wasu daga gidan sarauta yana ba su sunan Minamoto. Tsuna daga zuriyar ɗaya daga cikinsu, Minamoto no Toru, ya fito. An haife shi can gabas a lardin Musashi, ya dawo ya zauna a wannan mashigi, ya ɗauki sunan wurin ya zama Watanabe no Tsuna. Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda mu ma muna da Shagari da Zungur da Tafawa Ɓalewa, garuruwa ne kafin su zama sunayen mutane.

Tsuna ya yi barantaka a ƙarƙashin Minamoto no Yorimitsu, kuma shi ne ake sa wa a gaba cikin manyan barori huɗu na wannan basarake. Tatsuniya ta ɗora masa abin da tarihi bai tabbatar ba: wai a wata gada a Kyoto ya gamu da dodo, ya zare takobi ya sare masa hannu. Har yau labarin yana aiki. A farkon Fabrairu, ranar bikin Setsubun, iyalai a Japan sukan watsa gasasshen waken soya suna korar dodanni daga gida. Ana cewa gidan Watanabe ba sai sun wahalar da kansu ba, don dodo ya ji sunan ba zai tsaya ba.

Zuriyarsa suka zama rundunar mayaƙa masu iko da tashar da jiragenta. Wasu suka yi gadin fada a Kyoto, wasu suka bazu yamma. Gidan Matsura na arewacin Kyushu, mayaƙan teku, daga wannan tsatso suke ƙirga kansu. Tambarin gidan Watanabe ɗigo uku ne da layi ɗaya a kwance a ƙarƙashinsu.

A bakin wannan mashigi wurin bautar Ikasuri yake tun asali. Sunansa yana cikin kundin Engishiki da aka kammala a 927, kuma masu kula da shi, gado bayan gado, Watanabe ne.

1583: ƙaura ta farko

Toyotomi Hideyoshi ya fara gina katafariyar fadarsa mai ganuwa a Osaka a 1583. Mashigin yana gindin tudun da aka zaɓa, don haka aka umarci wurin bautar ya tashi. Aka mayar da shi kudu maso yamma, tazarar kilomita biyu ko ƙasa da haka, zuwa yankin 'yan kasuwa na Senba, kusa da wata magudanar jirage da ake kira Nishi-Yokobori. A tsohon wurin, unguwar Kokumachi ta yau, an bar ɗan ƙaramin reshe wanda yake nan har yanzu.

Da wurin bautar ya tashi, sunan ya bi shi. Sabon mazaunin ya zama unguwar Watanabe, tsohuwar tashar kuwa a zamanin Edo (1603 zuwa 1868) aka koma kiranta Hachikenya. Wannan shi ne karo na farko da sunan ya fuskanci ɓacewa, kuma dabarar da ta cece shi mai sauƙi ce: an ɗauke shi an dasa a wani wuri. Ya yi shekara wajen 400 a nan.

Unguwar ta yi albarka. Masu sayar da gwanjon tufafi suka taru a ƙofar wurin bautar. Ɗaya daga cikin shagunan, wanda aka buɗe a 1830, shi ne ya girma ya zama babban kantin Sogo. A bakin magudanar kuma 'yan sarin tangaran suka jeru, har yau akwai ƙaramin ɗakin bautarsu a harabar, da fitilun tangaran, kuma suna bikinsu a watan Yuli.

Akwai wani reshe na ƙaurar da ba a cika ambata ba idan ana labarin jarumta. Wata al'umma ta majema da masu aikin fata, wadda tsarin wancan zamani ya ajiye a ƙasan kowa kuma ake ƙyama, ita ma ta ɗauki sunan ƙauyen Watanabe. An yi ta tashinsu daga wuri zuwa wuri har suka zauna a kudancin birnin a farkon ƙarni na 18, inda ƙauyen ya zama cibiyar cinikin fata da ƙera ganguna. A zamanin Sarki Meiji (1868 zuwa 1912) aka sauya sunan wurin zuwa Nishihama.

1870 zuwa 1875: sunan ya fita daga hannun gida ɗaya

A zamanin Edo talaka ba shi da izinin amfani da sunan dangi a hukumance, ko da gidansu suna da shi a tsakaninsu. Gwamnatin Meiji ta ba da izini a 1870. Da ta ga mutane ba su ruga ba, ga shi tana buƙatar sunaye don haraji da ɗibar soja, sai a ranar 13 ga Fabrairu 1875 ta mayar da shi dole. Wasu suka fito da tsohon sunan gidansu, wasu suka ɗauki na ubangidansu ko na ƙauyensu ko na sana'arsu. A ƙasa mai yawan koguna, mashigi da masu fito ba su da wuyar samu.

Gwamnatin Japan ba ta wallafa ƙidayar sunaye. Alƙaluman da ake yawo da su daga littattafan lambar waya da rajistar kamfanonin inshora suke fitowa. A cikinsu Sato ne kan gaba, sai Suzuki, Takahashi da Tanaka. Watanabe yana zuwa na biyar ko na shida, suna musayar wuri da Ito dangane da yadda aka ƙirga. A lardin Yamanashi, gindin dutsen Fuji, shi ne na ɗaya. Ya fi kauri a gabashin ƙasar fiye da Osaka inda ya tsiro. Yawansa ya kai har dillalan kuɗin ƙasashen waje a Landan da New York suke kiran ƙananan 'yan kasuwar canji na Japan da laƙabin "Uwargida Watanabe".

Abin da ya sa ƙidayar take rawa shi ne rubutu. Da hannu ake cika rajistar iyali a da, kuma harafi na biyu yana da wuyar zanawa. Sauƙaƙƙen, 辺, ja biyar ne na alƙalami. Tsohon, 邊, ja 19 ne. Wani ɗan'uwansa, 邉, ja 17. Tsakanin waɗannan akwai ire-ire da dama da suka bambanta da ɗigo ɗaya ko ƙugiya ɗaya, kowanne kuma akwai gidan da yake riƙe da shi a matsayin nasa. Shi kuma 渡部 wani gida zai karanta shi Watanabe, wani Watabe.

1945 zuwa 1985: sabon tsarin adireshi

Ruwan bama-baman Amurka na 1945 ya ƙone wurin bautar tare da yawancin Senba. An sake gina shi da siminti a 1960. Aka cike magudanar Nishi-Yokobori, aka ɗora gadar sama a kanta. 'Yan kasuwar da a da suke kwana a saman shagunansu suka koma bayan gari, unguwar ta zama ta ofisoshi: cike da rana, wayam da dare.

A 1962 majalisar Japan ta kafa dokar tsara adireshi. Tsohon tsarin da lambar fili yake aiki, fili kuwa ana rabawa ana haɗawa, har ta kai lamba 5 tana iya zama nesa da lamba 6. Ma'aikacin gidan waya, 'yan kwana-kwana da motar asibiti duk suna shan wahalar gano gida. Sabuwar dokar ta ce a yanka gari rukuni-rukuni bisa tituna da koguna da layin dogo, a ba kowane rukuni alama, kowane gida lamba. Ƙananan hukumomi suka ga dama ce ta haɗe ƙananan unguwanni, sai tsofaffin sunaye suka yi ta zubewa a faɗin ƙasar.

Kuka ya yi yawa, aka gyara dokar a 1967. Gyaran ya ce idan aka sanar da shirin sauya suna, mazauna wurin masu ƙuri'a, mutum 50 ko fiye, za su iya sa hannu su nemi a sake duba shi cikin kwana 30. A 1985 aka sake gyara, aka ce a riƙa bin tsofaffin sunaye iyakar iko.

1988: shirin sharewa da abin da kowane ɓangare ya gwada

Saboda raguwar mazauna a tsakiyar birni, Osaka ta yanke shawarar rage gundumominta daga 26 zuwa 24. Gundumar Higashi, inda unguwar take, za a haɗa ta da Minami su zama Chuo. Aka haɗa wannan aiki da gyaran sunayen unguwanni. A Senba unguwanni dogaye ne, kowace tana bin titinta daga gabas zuwa yamma. Ita Watanabe 'yar guntuwa ce a gefen yamma da ta gitta wannan tsari, don haka shirin ya ce a narkar da ita cikin maƙwabta, sunan ya fita daga taswira.

Da labari ya bazu, adawa ta taso, kuma mafi ƙarfinta daga wajen unguwar ta fito. Ƙungiyar masu sunan Watanabe ta ƙasa baki ɗaya ta tashi tsaye, tana cewa nan ne cibiyarsu take, ba za a goge ta ba.

Buƙatarsu ita ce a bar Watanabe a matsayin unguwa mai zaman kanta. Wannan bai samu ba. Birnin ya ci gaba da shirinsa na haɗe unguwanni, kuma ba ita kaɗai ce ta narke a lokacin ba. Ƙofar da dokar 1967 ta buɗe ma ta mazauna ce. Watanabe na Yamanashi ko na Fukushima, komai yawansu, ba su da sa hannun da zai ƙirgu a unguwar da ba su zaune.

Shirin hukuma na share sunan gaba ɗaya shi ma bai tafi yadda aka tsara ba. Masu adawar ba su da ƙuri'a a wurin, amma suna da yawa, suna ko'ina, kuma hujjarsu ta zo daidai da ruhin gyaran 1985 wanda bai wuce shekara uku ba.

Hanya ta uku da garuruwa da yawa suka bi a irin wannan hali ita ce a kafa dutse ko allo a rubuta "a da nan ake kira kaza". Osaka tana da irin waɗannan alamu. Akwai ma gadar Watanabe a Nakanoshima, wani tsibiri a tsakiyar birnin, da take ɗauke da sunan. Amma dutse ba ya shiga takardar haraji, ba a rubuta shi a bayan ambulan.

13 ga Fabrairu 1989: matsaya

Mafitar ta fito daga lafazin dokar 1962 kanta. Dokar ta ce kowane rukunin gidaje a ba shi "alama". Al'ada da ƙa'idar aiki ne suka sa kusan ko'ina alamar take zama lamba. Birnin ya bi ta wannan kafa: unguwar ta narke cikin maƙwabta kamar yadda aka tsara, ɓangaren wurin bautar ya faɗa Kyutaromachi sashe na 4, amma rukunin da wurin bautar yake ciki aka ba shi kalmar Watanabe a matsayin alamarsa.

Gundumar Chuo ta fara aiki ranar 13 ga Fabrairu 1989, wata guda da 'yan kwanaki bayan rasuwar Sarki Hirohito. Ranar ta faɗo daidai shekara 114 da dokar da ta wajabta wa kowa sunan dangi, kodayake wannan dacewa ce kawai.

A gundumar guda akwai wani wuri da ya bi irin wannan kafa: unguwar Uemachi tana da rukunai masu alamar A da B da C maimakon lamba.

Daga 1989 zuwa yau

Adireshin ya zauna, ba a sake taɓa shi ba. Wasiƙa tana zuwa, taswirar waya tana nuna shi. Masu sunan sukan kai ziyara su ɗauki hoto da allon adireshin. A 2008 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Watanabebashi a layin Keihan, kusa da gadar Watanabe ta Nakanoshima, sunan ya ƙara samun wurin zama a birnin.

A wasu garuruwa iska ta juya fiye da haka. A 1999 birnin Kanazawa ya dawo da sunan tsohuwar unguwar Kazuemachi cikakke, karo na farko da aka yi haka a ƙasar, wasu garuruwa suka biyo baya. Osaka ba ta dawo da unguwar Watanabe ba.

Matsalar rubutu da karatu kuwa ta ɗauki wata hanya. Daga 26 ga Mayu 2025 dokar Japan ta fara sa a rubuta yadda ake furta kowane suna a rajistar iyali, don haka mai 渡部 yanzu takarda za ta faɗi ko Watanabe ne shi ko Watabe.

Me ya yi aiki, kuma don me

A ganina matsayar ta riƙe ne saboda ta taɓa wurin da ya fi araha a cikin adireshin. Abin da hukuma take so shi ne iyakoki masu tsabta da unguwanni kaɗan, kuma ta samu duka. Abin da masu sunan suke so shi ne kalmar ta ci gaba da zama a takardar hukuma, ba a jikin dutse ba, su ma sun samu. Ma'aikacin gidan waya bai yi asarar komai ba, don rukuni mai suna ya fi rukuni mai lamba saurin shiga kai. Da masu adawa sun kafe sai dai a bar musu unguwa sukutum, ina zaton da sun tashi hannu rabbana, domin doka ba ta ba su wurin tsayawa ba.

Abu na biyu shi ne wurin bautar. Ofis yakan tashi, shago yakan rufe, amma akwai gida ɗaya a rukunin da ba ya motsi kuma sunan nasa ne ta gado. Shi ya ɗauko sunan a 1583, shi ne kuma dalilin da ya sa aka san rukunin da za a liƙa wa a 1989. Abin sha'awa, masu wurin suna fassara Ikasuri da tsaron mazauni, allolinsa kuma na rijiya ne da na filin gida.

Sai dai kada a kambama nasarar. Abin da ya tsira rukuni ɗaya ne, da babu gara ba daɗi. Kuma hujjar "nan ne asalinmu" tana da rauni biyu. Wurin da aka kare ba shi ne mashigin Tsuna ba, mazauni na biyu ne, ainihin tashar tana can gabas ƙarƙashin wasu sunaye tun ƙarnoni da suka wuce. Sannan ba zai yiwu mutum miliyan ɗaya duk su zama jikokin jarumi guda ba. Da yawansu sunan ya zo musu ta wani mashigin daban, ko ta ubangida, ko ta alƙalamin magatakarda a 1875. Ga kuma ɗaya Watanaben, ƙauyen majema, wanda sunansa ya fita daga taswira tun zamanin Meiji. Shi ma daga bakin wannan kogi ya taso, amma ba shi ake nufi ba idan ana maganar cibiyar dangi.

Wanda ya je Osaka yana son ganin inda jiragen Kyoto suke tsayawa, sai ya sauka a Tenmabashi ya nemi Hachikenya. Wanda kuma sunan yake nema, tasharsa Hommachi ce, ya duba allon da ke jikin katangar Zama-san.